Kuɗin makaranta da lamunin NELFUND: Lissafin da ya kamata iyaye su yi kafin ɗalibi ya sa hannu

A duk lokacin da manyan makarantu suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu, murnar da ake yi a gidaje da yawa ba ta wuce kwana biyu, domin a rana ta uku ake bugo takardar biyan kuɗi. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, da ɗan kasuwar da jarinsa ke kwance cikin kaya, duk sukan tsinci kansu a gaban tambaya guda: daga ina kuɗin rajistar nan zai fito kafin makaranta ta rufe shafinta? Tun daga 2024 amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce NELFUND, wato asusun ba ɗalibai lamuni na Gwamnatin Tarayya. To amma lamuni bashi ne, kuma yana da sharuɗɗan da suka shafi ɗalibin da ya karɓa, da wanda zai ɗauke shi aiki nan gaba, har ma da ƙannensa da za su zo neman irinsa bayan shekara goma.

Galibin muhawarar da ake yi kan kuɗin makaranta a jami'o'i take tsayawa. Sai dai a birane irin su Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato da Bauchi, dubban iyalai kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi, da na kiwon lafiya suka fi dogara da su, saboda kusancinsu da gida da kuma gajartar lokacin karatu. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi shekara biyu ya samu ƙaramar difloma, ya fita shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya dawo ya yi wasu shekara biyu na babbar difloma. Ɗalibin kwalejin ilimi kuwa shekara uku yake yi kafin ya samu shaidar malanta ta NCE. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ce ke sa ido a kan kwalejojin fasaha, hukumar NCCE kuma a kan kwalejojin ilimi. Duk waɗannan ɗalibai, muddin makarantarsu ta gwamnati ce, suna cikin waɗanda dokar lamunin ta ambata.

Me ake biya idan karatu kyauta ne?

A hukumance, jami'o'in Gwamnatin Tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, kuma haka tsarin yake tun ƙarshen shekarun 1970. Ko a watan Yulin 2023, lokacin da jami'o'i ke ta ƙara kuɗi, Fadar Shugaban Ƙasa ta fito ta nanata cewa koyarwa kyauta ce har gobe, abin da aka ƙara kuɗaɗen hidimomi ne. Uba mai biya ba ya ganin bambancin, domin ko da wane suna aka kira shi daga aljihunsa yake fita. Abin da ke cikin takardar shi ne kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na asibitin makaranta, da na laburare, da na ɗakin gwaje-gwaje, da na wasanni, da na katin shaida, da na intanet, da na ƙungiyar ɗalibai. Sabon ɗalibi yana da ƙarin kuɗin amincewa da gurbi, wanda ake biya tun kafin a taka harabar makaranta. A makarantun jihohi kuma ana karɓar kuɗin koyarwa kai tsaye, sannan yawanci wanda ba ɗan asalin jihar ba ne yana biyan fiye da ɗan gida.

Tarihin wannan tsari yana da zafi. A watan Afrilun 1978, ƙarin kwabo 50 da aka yi wa kuɗin abincin ɗalibai na yini, daga Naira ɗaya da kwabo 50 zuwa Naira biyu, shi ya haddasa zanga-zangar da ta nemi a tsige Kanar Ahmadu Ali daga kujerar Kwamishinan Ilimi na Tarayya. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Tun daga lokacin gwamnatoci ke jin tsoron furta kalmar ƙarin kuɗin makaranta, sai suka gwammace su bar makarantu su riƙa ƙarawa da kansu ta wasu sunaye.

Shekarar 2023 ce ta ɓalle wannan shinge. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin dizal da takarda da sinadaran gwaji suka yi tashin gwauron zabo, sannan a watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A, inda manyan makarantu da dama suka faɗa. Jami'ar Legas, inda ɗalibai ke biyan abin da bai kai Naira dubu 20 ba, ta sanar da sabon farashin da ya haura Naira dubu 100, ya kai dubu 190 ga masu karatun likita, kafin zanga-zanga ta sa aka ɗan sassauta. A Jami'ar Bayero ta Kano, mafi ƙarancin kuɗin rajista ya koma kusan Naira dubu 100, wasu fannonin lafiya kuma suka haura dubu 200. Lamarin ya kai Gwamnatin Jihar Kano ta ware Naira miliyan 700 domin biya wa 'yan asalin jihar su 7,000 da ke jami'ar, ta kuma rage rabin kuɗin makarantunta.

Jihar Kaduna ta ɗanɗana wannan tun kafin nan. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin jami'ar jihar daga abin da bai kai Naira dubu 30 ba zuwa dubu 150 mafi ƙaranci. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa dubu 105, ya mayar da na Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya dubu 50 daga dubu 100, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma Naira 37,500 daga dubu 75. Wanda ya auna waɗannan alƙaluma da mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yulin 2024 zai ga cewa rajistar yaro ɗaya na iya lashe albashin wata guda ko biyu, alhali gida ɗaya kan kasance da 'ya'ya biyu ko uku a manyan makarantu lokaci guda.

Kuma rajista ita ce ƙaramar ɗawainiya. Ɗakunan kwanan makaranta ba sa isa, don haka akwai hayar ɗaki a unguwannin da ke kewaye, inda masu gidaje ke neman kuɗin shekara a dunƙule. Akwai kuɗin mota, da abinci, da bugun takardun darasi, da kayan aikin hannu ga masu karatun injiniya ko zanen gini, da kwamfuta ga wanda fanninsa ya tilasta masa. Ɗalibin kwalejin ilimi zai shafe watanni yana gwajin koyarwa a wata makaranta, kuma kusan kullum shi ke ɗaukar nauyin zirga-zirgarsa. A shekarar ƙarshe ga kuɗin aikin bincike. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takardar Remita.

Dokar farko da ta mutu kafin ta fara aiki

Ba yau aka fara gwada ba ɗalibai rance a Najeriya ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar lamunin ɗalibai a 1972, wadda ta yi ta rabon kuɗi har ta durƙushe, saboda akasarin waɗanda suka ci bashin ba su biya ba, kuma hukumar ba ta da hanyar gano inda suke. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai taɓuka abin kirki ba. Wannan tarihi ne ya sa masu tsara dokar yanzu suka fi mayar da hankali kan yadda za a karɓo kuɗin.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a ranar 12 ga Yunin 2023, wadda tsohon Shugaban Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya ɗauki nauyinta. Sharuɗɗanta sun yi tsauri har ta gagara aiwatuwa. Ta ce dole kuɗin shigar iyalin ɗalibi ya gaza Naira dubu 500 a shekara, wato ƙasa da dubu 42 a wata, abin da ya fitar da 'ya'yan ƙananan ma'aikata da dama. Ta kuma buƙaci mutum biyu da za su tsaya wa ɗalibi, daga cikin ma'aikatan gwamnati na mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko jami'in shari'a. Ɗan talakan da dokar ta ce don shi aka yi ta, shi ne wanda ba shi da hanyar samun babban ma'aikaci ya sa masa hannu. Har ila yau ta haramta lamunin ga wanda iyayensa suka taɓa gaza biyan bashi, kuma kuɗin koyarwa kawai ta amince a biya, a ƙasar da ake cewa koyarwa kyauta ce.

An soke ta, aka yi sabuwa wadda aka sa wa hannu a ranar 3 ga Afrilun 2024. Ita ce ta kafa NELFUND a siffarsa ta yanzu, da Akintunde Sawyerr a matsayin manajan darakta, da Jim Ovia, wanda ya kafa Bankin Zenith, a matsayin shugaban hukumar gudanarwa. Sabuwar dokar ta cire ƙayyade kuɗin shigar iyali, ta cire sharaɗin masu tsayawa, ta daina kama ɗa da laifin bashin ubansa, sannan ta faɗaɗa lamunin ya haɗa da sauran kuɗaɗen makaranta da na kashewa. An buɗe shafin nema a ranar 24 ga Mayun 2024, da farko ga makarantun tarayya, daga baya aka shigar da na jihohi.

Ga ma'aikacin gwamnati, muhimmin abin da ya canza shi ne ɗansa na da haƙƙin nema komai matakinsa na albashi, kuma babu wanda zai zo ofis yana roƙonsa ya tsaya wa ɗan wani. Duk wanda ya nemi a ba shi takardar albashi ko ta gida da sunan jinginar NELFUND, yaudara yake shiryawa.

Yadda kuɗin yake tafiya

Lamunin kashi biyu ne. Na farko kuɗin makaranta, wanda ba ya biyowa ta hannun ɗalibi ko kaɗan: asusun yana tura shi kai tsaye zuwa ga makarantar. Na biyu kuɗin kashewa na Naira dubu 20 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗalibin. Ɗalibi na iya neman na farko ya bar na biyu, kuma wannan zaɓi ne da yawancin iyalai ba su tsayawa su tattauna. Ana sabunta nema a kowace shekarar karatu, samun na bana ba ya nufin na baɗi zai zo da kansa.

Abubuwan da ake buƙata su ne lambar rajistar JAMB, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar ɗalibi ta makaranta ko takardar shaidar gurbi, da asusun banki mai sunan ɗalibin. Cike fom kyauta ne. Amma kafin shafin ya gane ɗalibi, sai makarantarsa ta tura bayanansa ga asusun, kuma a nan ɗaliban kwalejoji suka fi shan wahala. Shekaru da dama wasu kwalejoji sun saba ɗaukar ɗalibai ta bayan fage, ba ta tsarin JAMB ba, wanda aka ɗauka ta haka kuma sai ya daidaita gurbinsa da hukumar kafin ya cancanta. Masu karatun wucin-gadi na yamma ko ƙarshen mako, da masu digiri na biyu, da ɗaliban makarantu masu zaman kansu, ba sa cikin wannan tsari. Ma'aikacin da ke ƙaro karatu a ƙarshen mako da fatan ƙarin girma, shi zai ci gaba da biya wa kansa.

Wata matsalar da ta zama ruwan dare a Arewa ita ce saɓanin suna. Yaro yana Muhammad a takardar JAMB, Mohammed a banki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Ko a wani wuri an sa sunan uba a gaba, a wani an sa sunan gari. Ranar haihuwa ma takan bambanta, musamman ga waɗanda aka yi wa takardar rantsuwa bayan sun girma. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, harafi ɗaya na iya tsayar da nema na tsawon watanni. Gyaran nan gara a fara shi tun yaro yana aji shida na sakandare. Haka kuma wanda ya je shagon intanet a cike masa fom ya tabbata lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa aka sa, domin duk saƙon amincewa da na biya can za su riƙa zuwa.

Sai batun lokaci. Makaranta na iya rufe rajista kafin kuɗin asusun ya iso, uba ya ranto ya biya don kada yaro ya rasa jarrabawa, daga baya kuma NELFUND ya biya makarantar. A irin wannan hali makaranta ta karɓi kuɗi sau biyu, kuma wajibinta ne ta mayar wa ɗalibi nasa. A watan Afrilun 2025 Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, ta yi zargin cewa wasu makarantu na karɓar kuɗin ba tare da sanar da ɗalibai ba. Hukumar ICPC ta shiga bincike, ta fitar da sanarwar da ta tayar da ƙura kan gibin biliyoyin Naira, sannan ta dawo ta gyara ta, ta ce ba a kai ga tabbatar da karkatar da kuɗi ba, shi ma asusun ya musanta ɓatan ko kwabo a hannunsa. Darasin da ya rage wa iyaye mai sauƙi ne: a adana rasit ɗin Remita, a riƙa duba shafin ɗalibi, domin bashin yana hawa kansa tun ranar da aka biya makaranta, ko an mayar masa da kuɗinsa ko ba a mayar ba.

Ranar biya

Lamunin ba shi da kuɗin ruwa. Wanda ya karɓi Naira dubu 500, dubu 500 zai mayar. Wannan ne ya kawar da damuwar riba da ta daɗe tana nisanta iyalai da yawa daga rancen banki, kuma yana cikin dalilan da suka sa Arewa ta rungumi shirin fiye da yadda aka zata. Alƙaluman da asusun ya riƙa fitarwa sun nuna Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero a sahun gaba wajen yawan masu nema, yayin da Kudu maso Gabas ta kasance a baya. Zuwa ƙarshen 2025 masu nema sun haura miliyan ɗaya, abin da aka raba kuma ya zarce Naira biliyan 100.

Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Mai aikin albashi za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa tun daga tushe, mai sana'ar kansa kuma zai riƙa tura kashi 10 cikin 100 na ribarsa ta wata. Wanda wa'adin ya cika bai samu aiki ba yana iya yin rantsuwa a rubuce cewa ba shi da abin shiga, a ɗaga masa ƙafa, amma yin ƙarya a wannan rantsuwa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. Idan wanda ya ci bashin ya rasu, an yafe, ba a bin iyayensa ko magadansa. Wanda ya samu hali yana iya biya gaba ɗaya tun kafin lokaci. Da yake mai ƙaramar difloma da mai NCE ba sa zuwa hidimar ƙasa da wannan shaida kaɗai, ya kamata su karanta sharuɗɗan da ke shafin da kyau kafin su latsa amincewa, su kuma ajiye kwafinsu.

A cikin abin da ɗalibi ke amincewa da shi akwai izinin da ake kira GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2020, wanda ke ba mai bin bashi damar cirar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da lambar BVN ta wanda ya ƙi biya. Hukumar 1972 ba ta da irin wannan makami. Masu raɗa wa yara cewa kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba wanda zai tambaya, suna auna yau ne da ma'aunin zamanin da ake ajiye bayanai a fayil ɗin takarda.

Ga misali domin a ga nauyin abin. A ɗauka ɗalibar kwalejin ilimi tana biyan Naira dubu 60 a shekara. Idan kuɗin makaranta kawai ta nema, bashinta a shekara uku dubu 180 ne. Idan ta samu aikin koyarwa a kan dubu 70, za a riƙa cire dubu 7 a wata, ta gama cikin shekara biyu da wata biyu. Idan kuwa ta haɗa da kuɗin kashewa, aka kuma biya ta watanni goma sha biyu a kowace shekara, dubu 240 ke nan a shekara, bashin ya koma dubu 900, biyansa a kan wannan albashi zai ɗauki kusan shekara goma sha ɗaya. Ashe kashi huɗu cikin biyar na bashin daga kuɗin kashewa ya fito. Ga yarinyar da ke kwana a gidan iyayenta a Gwale ko Tudun Wada, tana cin tuwon gida, tambayar ko tana buƙatar wannan dubu 20 tambaya ce ta gaske. Ga wanda ya baro ƙauye ya kama haya, dubu 20 a wata bai kai Naira 700 a yini ba, ba zai riƙe shi ba sai da taimakon gida.

Akwai kuma wani gefen lissafin da ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, bashin da ba ya ƙaruwa raguwa yake yi. Naira dubu 100 da aka ranta yau, a mayar da ita bayan shekara bakwai ko takwas, ba za ta sayi abin da take saye yanzu ba. Saboda haka, ga mai jarin da ke juyawa, cire dubu 300 daga shago domin biyan rajistar yara uku alhali ga rance marar ruwa, asara ce a fili. Hakan ya fi gaskiya idan aka kwatanta da rancen ƙungiyar adashin ma'aikata mai ɗan kuɗin ruwa, balle na manhajojin waya masu tsawwalawa. Sai dai uban da ya zaɓi wannan hanya ya sani cewa ya sauke nauyin ne daga kansa ya ɗora wa ɗansa, don haka adalci ne a zauna da yaron a yi maganar, tunda shi za a cira a albashinsa lokacin da yake shirin aure.

Dokar ta kuma ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata alhaki. Ana sa ran mai kamfani, ko mai makaranta mai zaman kanta, ko mai babban shago, ya bincika ko sabon ma'aikacinsa na da bashin asusun, ya cire kason ya tura, kuma akwai hukunci ga wanda ya yi biris. A kasuwannin da ake biyan yaran shago hannu da hannu, ba takarda ba rasit, nan ne za a ga iyakar ƙarfin dokar.

Daga ina asusun ke samun kuɗi?

Abin da ya zama riba ga mai karɓa, asara ce ga asusun. Tunda kuɗin da zai dawo ya rage daraja, kuma ba zai fara dawowa ba sai bayan shekaru, shirin ba zai iya ciyar da kansa ba, dole a riƙa zuba masa sabon kuɗi kowace shekara. Dokar 2024 ta ware masa kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tarawa. A watan Agustan 2024, ana tsakiyar zanga-zangar tsadar rayuwa, Shugaban Ƙasa ya sanar da ba shi Naira biliyan 50 daga kuɗaɗen da hukumar EFCC ta ƙwato. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun haɗe wasu haraje-haraje wuri guda suka zama harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 na ribar kamfanoni, banda ƙanana, inda asusun TETFund zai ɗauki rabi, NELFUND kuma kashi 15 cikin 100.

Daftarin farko na dokar ya so a riƙa rage kason TETFund har ya ƙare a 2030, a mayar da shi duka ga lamunin ɗalibai. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi tsayin daka har aka janye wannan. Hujjarta tana da nauyi: TETFund ne ke gina azuzuwa da ɗakunan gwaji da tura malamai ƙaro ilimi, yana raba kuɗinsa kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi, kuma a kwalejoji da dama da wuya a ga sabon ginin da ba tambarinsa a jiki. Ƙungiyar ta daɗe tana cewa tallafi ya kamata a ba ɗalibai maimakon rance, tana kuma fargabar lamunin ya zama ƙofar da makarantu za su bi su yi ta ƙara kuɗi, tunda sun san akwai mai biya. Wannan fargaba ba ta rasa tushe. Duk makarantar da ta san asusun zai biya abin da ta rubuta, ƙwarin gwiwarta na tsuke farashi ya ragu, kuma wanda zai fi jin jiki shi ne ɗalibin da bai cancanci lamunin ba, kamar mai karatun yamma.

Kuɗin da ba a mayarwa

Kafin a kai ga rance, akwai ƙofofin da ake mantawa da su. Hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya tana da tallafi ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati da suka nuna hazaƙa, ana nema ta shafin Ma'aikatar Ilimi, ana kuma zana jarrabawa. A watan Yulin 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da ɗaga shi zuwa Naira dubu 450 a shekara ga masu digiri na farko da babbar difloma da NCE, daga dubu 300. Guraben ba su da yawa, amma ana raba su ne bisa jihohi, don haka ɗalibi mai ƙoƙari daga jihar da masu nema ba su cika yawa ba yana da dama fiye da yadda yake tsammani. Alƙawarin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a Ranar Malamai ta 2021, na ba masu karatun NCE Naira dubu 50 a kowane zango da dubu 75 ga masu digirin koyarwa, ya daɗe yana jan ƙafa, bai kamata iyali su gina kasafinsu a kansa ba.

Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna nan, ko da yake abin da suke bayarwa da lokacin da suke bayarwa ya danganta da gwamnan da ke kan kujera. 'Yan majalisa kan biya wa 'yan mazaɓarsu rajista, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Akwai hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiran da ke ɗaukar nauyin marayu ba tare da an ji ba. Kusan dukkansu takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon jarrabawar da ta gabata suke fara nema, kuma wa'adinsu gajere ne.

Ga yaron da hannunsa ya fi kaifi a kan injin fiye da alƙalami, Ma'aikatar Ilimi ta ƙaddamar da shirin koyon sana'a da fasaha a watan Mayun 2025, wanda ya mayar da karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya na matakin sakandare, ya kuma tanadi horon watanni shida ko shekara guda a cibiyoyin da aka amince da su, a fannoni irin su walda, da haɗa wutar sola, da gyaran mota, da aikin famfo. Masu wannan horo ana ba su alawus na Naira 22,500 a wata, kuma shi ba rance ba ne. Ana nema ta intanet da lambar NIN da BVN, kuma hukumar NBTE ce ke tantance cibiyoyin da za su ba da horon.